Sunan da Yalwa Ta Ƙi Faɗa

Gumel, 9 ga Maris, 2016

Zuwa ga Gwaggo Hadijatu 'yar Hashimu, Utaibiyya, Makka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da iyali baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara sallama. Na rubuta da ajami ne don an ce mini ba ki karanta boko.

Ba ki san ni ba, saboda haka bari in gabatar da kaina kafin ki ce wane mai ƙarfin hali ne wannan yake kirana gwaggo. Sunana Yusha'u, ina koyar da tarihi a wata sakandare a nan Gumel. Kakana shi ne Wada. Mahaifin Wada, Malam Ja'afaru, ya kama hanyar gabas a ƙasa a 1927, ya bar shi yana ɗan shekara bakwai, bai sake dawowa ba. Iyakar abin da gidanmu ya sani ke nan.

Akwai wata waƙar wa'azi da ake kira Zango Arba'in, wadda duk azumi sai an sa ta a rediyo, tsofaffi suna bi suna hawaye. Kowa cewa yake yi ta Malamin Zango ce, ba wanda ya san sunansa. Shekara uku ina tonon tsofaffin takardu, har mutane suka fara ce mini gara. A wani akwati na gidan wani tsohon alƙali na sami kwafinta na hannu, a ƙasa an rubuta: Ja'afaru ɗan Sada na Gumel. Gwaggo, kakanki ne, kuma kakan mahaifina! Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Sai kuma a kayan marigayi Wada na tsinci wata wasiƙa ta 1961 daga Makka, daga wani Hashimu da ke kiransa yayana. Wani mai jigilar alhazai ya bi mini sawu har ya samo ƙofar gidanki.

Yanzu dangi sun kafa kwamiti ƙarƙashin baffana Alhaji Mukhtaru ɗan Wada, za a buga littafin zuri'ar Malam. Abu biyu nake roƙo. Waƙar da ke hannunmu zango talatin da uku ce, bakwai sun ɓata. Ko suna wajenku? Na biyu, wace ce mahaifiyar Hashimu?

Ɗanki,
Yusha'u

*

Makka, 12 ga Rajab, 1437

Zuwa ga ɗana Yusha'u.

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, lafiya muke, in ban da gwiwa da ta ƙi ni tun bara. Ka gai da Yaya Mukhtaru da kyau, ka ce ƙanwarsa da bai taɓa gani ba tana gaishe shi.

Wasiƙarka ta zo ina tsakiyar ƙullin masa, don sana'ata ke nan, ni ke ciyar da rabin mutanenmu masu aikin gini a wannan layi. Na karanta sau uku, ƙullin ya kusa tsami. Wallahi, ya waladi, ɗana, ka sa ni dariya ka sa ni kuka. Wai waƙar da kakata ke rerawa a bakin tanda, muna yara muna toshe kunne don mun gaji da ita, ita ce ake sawa a rediyo? Mu da muka ɗauka waƙar suya ce!

Ga amsarka. Mahaifiyar Hashimu ita ce Yalwa, 'yar fatake ce daga Damagaram. A Wad Madani ta ƙasar Sudan suka haɗu da Malam, lokacin da ayarinsu ya tsaya cirar auduga don neman guzuri. A can aka ɗaura aure, a can aka haifi babana. Suka haye teku daga Sawakin a jirgin ruwa na katako, ita da goyo a baya da gafakar Malam a wuya. Malam ya yi hajji ɗaya, bayan wata huɗu ya rasu, aka binne shi a Ma'ala. Kada ka ce in nemo maka kabari, nan ba a sa alama. Ita kuwa Yalwa ta ƙi sake aure, ta yi ta suya har ta raini ɗanta, ta raine mu. Ina da shekara ashirin da bakwai ta rasu, kanta a cinyata.

Gafakar tana nan ƙarƙashin gadona, fatar ta yi baƙi amma takardun ba abin da ya same su. Na ƙirga, zangonka bakwai suna ciki cif.

Ka lura da wani abu don kada ya ruɗe ka. Kakata har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ko sau ɗaya. Shi ya sa duk takardunmu na hukuma Hashimu Abdullahi ke jiki.

Bari in gaya maka wadda ta fi kowa murna. Ina da 'ya, Suhaila, shekararta ashirin da huɗu, tana aiki a wani kantin magani. Hausarta kamar mai tafiya da takalmin aro. Tun tana makaranta yara ke tambayarta daga ina suke, ta dawo ta tambaye ni, ni kuma in ce daga Allah. A nan a ce mana baƙi, in alhazan gida sun zo su ce mana takari suna yatsine fuska, alhali masata suke ci. Da na fassara mata wasiƙarka sai ta ce, "Ummi, ashe muna da gari." Yanzu kullum sai ta tambaye ni yaushe littafin zai fito ta ga sunanta a ciki.

Ka rubuto da wuri. Mai kawo maka wannan wata mai aikin Umara ce 'yar Haɗeja, ba na son saƙon waya, magana ce mai tashi da iska.

Gwaggonka,
Hadijatu

*

Gumel, 14 ga Agusta, 2016

Gwaggo Hadijatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Damina ta yi kyau a nan, gero ya fara fitar da kai. Ki yafe mini jinkiri, kwamiti ne bai zauna ba sai bayan salla, sannan na yi wata guda ina juya alƙalami ban san ta inda zan fara ba.

Na kai musu bayanin wasiƙarki a taƙaice. Sun yi murna ƙwarai da jin labarin gafaka, har aka yi kabbara. Da aka zo kan Yalwa na gaya musu yadda na fahimta, cewa ita kanta ba ta san sunan Malam ba, kuma takardunku Abdullahi suka ce. Baffa Mukhtaru ya ce macen da ba ta san sunan mutum ba, da wuya a ce matarsa ce. Ya ce a irin wannan tafiya malamai kan ɗauki masu yi musu girki da ɗaukar kaya, wataƙila ita ma haka ne, Hashimu kuwa ɗan wani Abdullahi ne da ya tashi a hannun Malam. Ya ce littafin zuri'a ba wurin kara ba ne, malaman jami'a za su karanta.

Abin da aka yanke shi ne, za a buɗe shafi na musamman a ƙarshe, mai taken Waɗanda Suka Yi wa Malam Hidima a Hanya. Sunan Yalwa zai zo na farko, da naki, da na Suhaila. Baffa ya ce wannan ma girma ne babba.

Na san ba haka kika so ba. Amma ni mai tarihi ne, takarda nake bi. Don Allah ki sa Suhaila ta ɗauki hoton zangon nan bakwai ta turo, mai ɗab'i yana jira.

Ɗanki,
Yusha'u

*

Makka, 9 ga Muharram, 1438

Yusha'u,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke. Gwiwa ta yi sauƙi, zuciya ce ta karɓe ta.

Na bar wasiƙarka wata biyu ban amsa ba, don da na amsa a ranar da ta zo, da takardar ta kama da wuta. Aikin hajji ya taimake ni, na je Mina na yi ta tuƙa wa alhazai tuwo ina tuƙawa da kai a ciki.

Ka ɗauko wasiƙata ka sake dubawa. A ina na ce ba ta san sunansa ba? Cewa na yi ba ta taɓa faɗa ba. Kai malamin tarihi, a wane gida ka tashi? Ko matan Gumel yanzu daga tsakar gida suke ƙwala wa mazansu kira da suna kamar masu kiran akuya? Ni da aka haifa a Makka, ban taɓa taka ƙasar Hausa ba, ni ce zan koya maka kunya?

To saurara. Babana yana ɗan shekara shida aka ce kowa ya je a rubuta shi. Yalwa ta kama hannunsa suka je, ba wani namiji babba tare da su. Magatakarda ya ce, sunan yaro? Ta ce Hashimu. Ya ce, sunan uba? Ta sunkuyar da kai ta ce, Malam. Ya ce Malam ba suna ba ne. Sau uku yana tambaya, mutane a layi suna tsaki, yaro yana jan zanenta, ita kuwa hawaye kawai take yi. Da ya gaji ya ce kowa bawan Allah ne, ya rubuta Abdullahi. Ta dawo gida ta kwana biyu ba ta yi suya ba. Ta san abin da ta jawo wa ɗanta, amma bakinta ya ƙi buɗewa. Babana daga abokan tafiyar Malam ya ji sunan ubansa.

Akwai wani mai gurasa a bakin layinmu, Bayamale, shi ma Ja'afar. Shekara talatin tana sayen gurasarsa ba ta taɓa kiransa ba, sai dai ta tsaya har ya waiwayo. In ya daɗe bai waiwayo ba ta ce, "Ya mai suna!" Muna yara muna tsokanarta mu ce, Kaka, wane suna? Ta bi mu da muciya. Ka gaya mini, wace mai girki ce ke yi wa uban gidanta haka shekara hamsin bayan ya mutu?

Kai ka yi kuskure, wannan na yafe, yaro ne kai. Amma Yaya Mukhtaru da furfurarsa, da ka karanta masa wasiƙar yadda take da ya gane. Ko kuwa ya gane, yana dai ƙyamar a ce jikokin Malamin Zango masu suyar masa ne a Utaibiyya, masu sabunta iƙama, takardar izinin zama, duk shekara. Ku da kuka san Malam jiya, bayan rediyo ta gama yi masa suna. Wadda ta ɗauki gafakarsa a wuya ta haye teku, ita ce ta shafin ƙarshe?

Ban gaya wa Suhaila ba tukuna. Me zan ce mata? An samo garinku, an ba ku wuri a bayan gida?

Hoto kuwa, halas, magana ta ƙare, ba zan tura ba. Ko harafi ɗaya. Ku buga talatin da ukunku. Ranar da aka rubuta Yalwa matar Malam, Hashimu ɗan Malam, ranar gafaka za ta buɗe. Kuma ku cire sunana daga shafin hidima, ban ba ku aro ba.

Hadijatu 'yar Hashimu ɗan Ja'afaru

*

Gumel, 20 ga Fabrairu, 2017

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa cikin jin kunya. Muna lafiya. Allah ya huci zuciyarki.

Na sake karanta wasiƙarki ta farko, na ga da idona abin da kika rubuta da abin da na je na faɗa. Na yi shekara uku ina karanta rubutun matattu, na kasa karanta layi ɗaya na mai rai. Mahaifiyata ma, da na tuna, Baban Yusha'u take cewa har ta rasu. Ban san inda hankalina ya tafi ba.

Na nemi a sake zama, na miƙe na karanta musu wasiƙunki biyu daga farko har ƙarshe, har da wurin furfura. Wasu sun sunkuyar da kai. Baffa ya ce labari ne mai daɗi, amma kowa na iya shirya labari, a kawo rubutu. Ya ce an riga an kai wa mai ɗab'i, an gayyaci manyan baƙi. Na ce to a cire sunana daga bangon littafin. Ya ce ɗan ƙaninsa ba zai yi masa tsaurin ido a gaban mutane ba. An cire. An buga kwafi dubu, an yi taron ƙaddamarwa watan jiya, ban je ba. Shafin hidima yana nan, da sunayenku, duk da na isar da saƙonki. Yau wata uku Baffa ba ya amsa gaisuwata.

Ban rubuto don ki tausaya mini ba. Tambaya ɗaya ce. Ki duba cikin gafakar da kyau, ko Malam ya rubuta sunan Yalwa a wani wuri? In akwai, da shi zan rufe bakin kowa.

Sannan ki sani, Baffa ya biya kujera bana, shi da uwargidansa Hajiya Shatu. Ya ce da ƙafarsa zai zo ya karɓi gafakar, don gadon gidansu ce.

Ɗanki,
Yusha'u

*

Makka, 20 ga Zulhajji, 1438

Zuwa ga ɗana Yusha'u.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, an sauko daga Mina lafiya, alhamdu lillahi. Ka daina jin kunya, wanda ya miƙe a gaban baffansa ya karanta wurin furfura ya biya. Ban amsa tambayarka da wuri ba don ba ni da amsar da za ta yi maka daɗi, kuma na fi so mai gayya ya gani da idonsa.

Sun zo shekaranjiya bayan la'asar. Na share gida, na yi turare, na soya masa da miyar taushe, don ba za a ce jikar Yalwa ta bar baƙo da yunwa ba. Da na ga Yaya Mukhtaru a bakin ƙofa, hancin babana ne sak, har da tafiyar. Na so in rungume shi, na tuna shafin ƙarshe, na ce bismilla ku shigo.

Suhaila tana nan. Na riga na gaya mata komai tun azumi. Ba ta yi kuka ba, ta dai daina tambayata game da Gumel, wannan kuwa ya fi mini kukan ciwo.

Bayan an ci an sha shayi, ya ciro littafin daga jaka, kore mai ruwan zinariya, ya ajiye mini a gaba. Ya ce, "Hajiya, ga tsarabarku. Sai kuma amanar gidanmu da ke hannunki."

Na ce, "Yaya, ba Hajiya ba, ƙanwarka." Na jawo gafakar na buɗe, na ba shi takardar ƙarshe kaɗai. Na ce ya karanta da ƙarfi. Ya sa tabarau ya karanta, rubutun Malam ne lokacin da ciwo ya ci ƙarfinsa: "Na bar wannan a hannun mai ɗakina, uwar yaron nan. Allah ya saka mata, ita ta kawo ni."

Ka ga amsarka, Yusha'u. Shi ma bai rubuta sunanta ba. Kunyar da ta yi masa ita ya yi mata.

Yaya ya cire tabarau ya ce, "To ai kin gani. Bai ambaci suna ba. Mai ɗakin nan tana iya zama kowa."

Wallahi na ji jinina ya hau, amma na danne. Na juya wajen Hajiya Shatu, baiwar Allah tun da ta shigo ba ta ce uffan ba sai sannu. Na ce, "Yaya Shatu, shekara nawa da aurenku?"

Ta ce, "Arba'in da shida."

Na ce, "Masha Allah. Ni baƙuwa ce, ban san mutanen gida sosai ba. Don Allah mene ne sunan mijinki?"

Ta dube ni kamar na watsa mata ruwan zafi. Ta ce, "Alhaji mana."

Na ce, "Alhaji ba suna ba ne, garin nan yau kowa Alhaji ne. Sunansa na yanka nake tambaya."

Ta ja mayafi ta rufe baki. Na sake tambaya, na uku ke nan. Ta ce, "Haba Hadijatu, ki rufa mini asiri," idonta ya kawo ruwa. Na kama hannunta na ce ta yafe mini. Sannan na tura masa littafinsa gabansa na ce, "To Yaya, ba ta faɗa ba. A wane shafi za a sa ta?"

 Yaya ya daɗe yana kallon tabarma. Hajiya Shatu ce ta yi magana, murya ƙasa ƙasa, ba ta ko dube shi ba: "Alhaji, ka ji tsoron Allah."

Bai ba ni haƙuri ba, kada ka sa rai, irinsu ba sa iyawa. Suhaila ya kalla ya ce, "Ke, ba ni biro." Ba ta gane ba sai da na maimaita mata da Larabci. Ya buɗe shafin hidima ya ja layi a kan sunayenmu. Ya koma shafin zuri'a, kusa da Wada, ya rubuta Hashimu, a sama ya rubuta Yalwa, matar Malam.  Ya miƙa wa Suhaila, ya nuna mata da yatsa inda nata zai zauna, ta rubuta da kanta.

Da za su tafi ya tsaya yana kallon gafakar. Na mayar da takardar ciki na ɗaure. Ya ce, "Ai na gyara." Na ce, "Ka gyara ɗaya, Yaya. Dubu kuka buga."

Saboda haka in ya dawo ka je ka gaishe shi, ko ya amsa ko bai amsa ba, ka ce masa aiki na jiranku. Zango bakwai suna nan lafiya ƙarƙashin gadona. Yalwa ta jira shekara hamsin, ni ma ba sauri nake yi ba.

Gwaggonka,
Hadijatu